Haƙƙin Abokin Aiki: Amsa Kan Zama da Ƴan Daudu da Masu Sauya Jinsi a Wurin Neman Abinci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halicci kowa a siffar da ya so, ya kuma ɓoye wa kowa ƙarshensa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Ƴan'uwa masu saurare, yau mun ajiye darasin da muka saba domin mu amsa tambayoyi biyu da suka iso mana cikin wannan goman na tsakiya. Tambayoyi ne da mutane ke jin nauyin yi a bainar jama'a, amma kunya ba ta hana neman sanin addini.

Tambaya ta farko daga wani dattijo ce mai gidan abinci a bakin tasha, a ɗaya daga cikin biranenmu. Yana da ma'aikata bakwai. Wanda ya fi su iya girki mutum ne da unguwa ta sani da ɗan daudu: muryarsa da tafiyarsa irin na mata ne, yakan ɗaura zane idan yana gaban tukunya, wani lokaci a ga lalle a hannunsa. Yana salla, yana azumi, shekara takwas yana tare da mai gidan, ko dala ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. A bana sauran ma'aikata suka ƙi sa hannu a tire ɗaya da shi lokacin shan ruwa. Wasu masu saye suka fara cewa abincinsa bai halatta a buɗa baki da shi ba, maƙwabta kuma suka ba mai gidan shawara ya sallame shi kafin salla. Dattijon ya ce: "Malam, in kore shi ne, ko in bar shi? Ina tsoron Allah ta kowane gefe."

Ta biyu daga wani saurayi ce ɗan ƙasarmu da ke aiki a Faransa. Wani abokin aikinsa da ya sani a matsayin namiji ya dawo daga hutu da sunan mace da tufafin mata, shugaban ma'aikatar kuma ya nemi kowa ya riƙa kiransa da sabon sunan. Yana tambaya ko ya bar aikin, ko kuwa yaya zai yi.

Abin da za mu bayyana a taƙaice shi ne wannan: shari'a ta yi hukunci a kan aikin kamanci da wani jinsi, hukuncin kuma sananne ne, ba mu da ikon sauya shi. Amma wannan hukuncin bai miƙa mana mutuncin kowa ba, bai halatta mana ladan aikinsa ba, bai ba mu izinin raba shi da abincinsa ba. Bari mu bi maganar daki-daki.

Ba duka ne abu ɗaya ba

Kuskuren farko da muke yi shi ne tara mutane mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya. Malaman fiƙihu ba su yi haka ba.

Akwai wanda Hausawa ke kira mata-maza, Larabawa kuma hunsa: wanda aka haifa da gaɓoɓin da ba su fito fili sun nuna namiji ne ko mace ba. Wannan halitta ce daga Allah, babu laifin kowa a ciki. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun yi dogon nazari a kan haƙƙinsa, har Shehu Halilu ya rufe Muhtasar ɗinsa da mas'alarsa. Idan alamomi suka kasa rarrabewa, a gado ana ba shi rabin rabon namiji haɗe da rabin rabon mace. Ku duba yadda shari'a ta zauna ta yi lissafi don kada ko ƙwayar hatsi ta haƙƙinsa ta salwanta. A zamaninmu, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a shekarar 1989 cewa ya halatta likitoci su yi wa irin wannan mutum magani ko aiki domin tabbatar da jinsin da ya rinjaya a jikinsa. Majalisar ta kuma yanke cewa wanda gaɓoɓinsa suka cika a kan jinsi ɗaya bai halatta a mayar da shi ɗaya jinsin ba.

Akwai kuma namijin da aka halicce shi da laushin murya da rangwaɗa a tafiya, bai ƙirƙira ba, haka ya tashi ya ga kansa. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan hijira, ya bayyana a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa irin wannan babu zargi a kansa, babu zunubi, babu horo. Ibnu Hajar, wanda ya rasu a 852, ya ƙara a Fathul Bari cewa ana neman sa ya yi ƙoƙarin rage abin a hankali, idan ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kasa to babu laifi a kansa.

Sai wanda ya ɗauki shigar mata ko salon maganarsu da gangan, ko macen da ta ɗauki na maza. Wannan ne hadisin Ibnu Abbas da Buhari ya ruwaito ya yi gargaɗi mai tsanani a kansa, har da ambaton la'ana. Ba za mu ɓoye wannan ba, malaman mazhabobi huɗu duk sun tafi a kan hani.

A ƙarshe akwai wanda ke cewa tun yana ƙarami yana jin kansa ba a jinsin jikinsa yake ba, har wasu su nemi magani ko tiyata, su sake suna. Su ne ake kira masu sauya jinsi. Mun faɗi matsayin majalisar Makka a kan tiyatar. Sai dai abin da mutum ke ji a zuciyarsa, wanda bai kira shi ba kuma ba ya iya korarsa, jarrabawa ce, Allah kuwa ba ya kama bawa da abin da ya fi ƙarfinsa.

To yanzu mu tambayi kanmu: da muka hangi mutum daga ƙofar shago, cikin waɗannan huɗun wanne ne shi? Ba mu sani ba. Ba mu ga takardar likitansa ba, ba mu san yaƙin da yake yi da kansa cikin dare ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hatta tufafin da muke hukunci da su, Ibnu Hajar ya ja hankali cewa yanayin sutura yana bin al'adar kowane gari. A ƙasar Abzin namiji ne ke rufe fuskarsa da rawani, mace ta bar tata. A Yaman maza na ɗaura zane su tafi masallaci. Kakanninmu sun sa kwalli, angwayenmu sun shiga lalle. Ƴaƴanmu mata da ke aikin soja da jandarma da likita suna sa wando domin aikin ya buƙaci haka. Wanda bai san wannan ba sai ya yi ta raba la'ana inda shari'a ba ta kai ba.

Yadda aka yi a Madina

Kada wani ya ɗauka wannan al'amari sabo ne, ko Turawa ne suka kawo shi. A Madina, zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai irin waɗannan mutane, ana kiran su muhannasai. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, haka ma Buhari da Muslim, labarin ɗaya daga cikinsu, wanda wasu maruwaita suka ce sunansa Hitu. Yana shiga gidajen Annabi, domin ana ɗaukarsa cikin mazan da ba su da sha'awar mata, waɗanda aya ta 31 a Suratun Nur ta ambata. A shekara ta 8 bayan hijira, lokacin yaƙin Ɗa'ifa, sai Annabi ya ji shi a ɗakin Ummu Salama yana siffanta wa ɗan'uwanta Abdullahi jikin wata mace ƴar Gailan. Nan take ya hana shi sake shiga wurin matansa.

Mu lura da abu biyu. Na farko, an san halinsa tun tuni, amma ba a hana shi shiga ba sai ranar da ya aikata abin da ya keta sirrin mata. Ke nan abin da ya fito daga bakinsa aka kama shi da shi. Na biyu, Abu Dawuda ya ruwaito cewa bayan an fitar da shi wajen gari, aka faɗa wa Annabi cewa yunwa za ta kashe shi, sai ya yi masa izinin shigowa duk mako ya nemi abin da zai ci. Wanda aka hora ma ba a yarda a toshe masa hanyar abinci ba.

Abu Dawuda ya sake ruwaito wani labari daga Abu Huraira, ko da yake wasu malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa: an kawo wa Annabi wani muhannasi da ya yi ƙunshi hannu da ƙafa, ya sa aka kai shi wani wuri da ake kira Naƙi'u. Wasu suka nemi izinin kashe shi, ya hana, ya bayyana musu cewa an hana shi kashe masu salla. A duka labaran biyu, shugaba ne ya yanke hukunci, bayan abu ya tabbata a gabansa. Ba a bar wa matasan unguwa ba, ba a bar wa abokan sana'a ba. Duk wanda ya ɗauki sanda ko dutse da sunan kishin addini ya sani cewa ba daga Madina ya koyo ba.

Harshen mai azumi

Mafi yawan abin da irin wannan abokin aiki ke sha daga gare mu ta harshe ne. Ana kwaikwayon tafiyarsa idan ya juya baya. Ana kiransa "Hajiya" ko "amarya" a yi dariya. Ana ɗaukar hotonsa a waya a watsa a WhatsApp. A fada, ana shan shayi bayan tarawihi, labarinsa ne abin hira.

Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana wasu mutane yi wa wasu ba'a, ta kuma faɗi dalili: mai yiwuwa wanda ake yi wa ya fi mai yin alheri a wurin Allah. Ayar ta hana jifan juna da miyagun laƙabi. Aya ta 12 ta hana mummunan zato da bin diddigin sirrin mutane da gulma, ta kwatanta gulma da cin naman ɗan'uwa matacce. Babu inda ayoyin nan suka cire wani suka ce shi kam ya halatta. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa wata rana Ibnu Mas'ud ya hau bishiya zai yanko asuwaki, iska ta bayyana sirantar ƙwaurinsa, sahabbai suka yi dariya. Annabi ya sanar da su cewa waɗannan ƙwaurin sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Jikin da muke yi wa dariya, ba mu san nauyinsa a can ba.

Akwai abin da ya fi ba'a haɗari. Da yawa daga cikinmu, da zarar sun ga laushin tafiya sai su yanke cewa mutumin yana aikata alfasha, su kuma faɗa. Wannan ƙazafi ne. Aya ta 4 a Suratun Nur ta ɗora bulala 80 a kan wanda ya jefi mai kamun kai da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba, ta kuma zubar da shaidarsa. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta a nan ƙwarai. A cikin Muhtasar, wanda ya kira namiji da sunan muhannasi ana tsayar masa da haddin ƙazafi, sai fa idan ya rantse cewa ba alfasha yake nufi ba, sannan ma ba ya tsira daga ladabtarwa. Kalmar da muke jefa wa yaron shago da safe don mu ba mutane dariya, ga matsayinta a littafin da muke karantawa a zaure. Magana zarar bunu ce.

Wani zai ce: ai hadisi ya la'anci masu kamanci. Haka ne. Amma malamai sun bambanta tsakanin la'anar da ta zo a kan siffa gaba ɗaya da la'antar mutum ayyananne. Giya ma an la'anci mai shanta. Duk da haka Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa ana yi masa bulala a kan giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ibnu Abi Zaid ya tabbatar a Risala cewa ba a kafirta ma'abocin alƙibla saboda zunubi. Wanda yake fuskantar gabas tare da mu ɗan'uwanmu ne: sallama tana kansa, gaisuwar rashin lafiya tana kansa, ranar da ya mutu wankansa da sallarsa suna kanmu.

Mu tuna kuma a wane wata muke. Hadisi ingantacce ya sanar da mu cewa wanda bai bar ƙarya da aiki da ita ba, Allah ba ya da buƙatar yunwarsa da ƙishirwarsa. Muna wuni cikin rana mai ƙuna, leɓe a bushe, sannan mu kwashe ladan mu zuba a mizanin mutumin da muke rainawa. Annabi ya bayyana cewa matsiyacin gaskiya shi ne wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wancan ƙazafi, ya ci dukiyar wani, a yi ta ɗibar ladansa ana biyan su har ya ƙare.

Aiki, lada da abinci

Yanzu mu dawo kan tambayar dattijo. Da me ake auna ma'aikaci? Aya ta 26 a Suratul Ƙasas, cikin labarin Annabi Musa a Madyana, ta ambaci siffa biyu: ƙarfin yin aikin, da amana. A tafiyar hijira, tafiyar da babu wadda ta fi ta haɗari, Annabi da Abubakar sun ɗauki hayar Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ya nuna musu hanya, alhali yana kan addinin Ƙuraishawa, saboda ya san hanya kuma yana da amana. Annabi ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude a kan bashin sha'ir. Ciniki da ƙodago ba su taɓa zama shaidar cewa ka yarda da duk abin da abokin hulɗarka yake yi ba. Da haka ne, da kasuwa ta watse, domin babu wanda zai saura.

Dattijo, kai da bakinka ka shaida cewa mutumin nan ya iya aikinsa, kuma shekara takwas bai ci amanarka ba. To shari'a ba ta wajabta maka korarsa ba. Idan ka kore shi don tsoron bakin mutane, ka tambayi kanka inda zai nufa. Ƴan daudu sun daɗe a garuruwan Hausa suna rayuwa da girki da sayar da abinci a tashoshi da kasuwanni da gidajen biki, saboda sau da yawa ita ce ƙofar halal da aka bar musu a buɗe. Idan muka rufe ta, ba masallaci muka tura mutum ba. Mun tura shi hannun waɗanda za su karɓe shi ba tare da sun tambaye shi salla ba, daga baya kuma mu ce ai dama mun faɗa.

Batun abincinsa kuwa, halaccin abinci yana ga abin da ke cikin tukunya da tsabtar da aka yi. Annabi ya faɗa wa Abu Huraira cewa mumini ba ya zama najasa. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin ma'abota littafi, balle na musulmi mai salla. Wanda ya ce tuwon da ɗan daudu ya tuƙa haramun ne, ko buɗa baki da shi yana ɓata azumi, ya ƙirƙiro hukuncin da babu shi a littafi. Haramta abin da Allah ya halatta kuwa ba ƙaramin laifi ba ne. Ku ma'aikatan da kuka janye hannuwanku daga tire, ku mayar. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da kyautata wa aboki na gefe, malaman tafsiri kuma sun shigar da abokin tafiya da abokin sana'a a ciki.

Akwai wani zalunci da ba a cika magana a kansa ba. Wasu masu gida sun san irin wannan ma'aikaci ba shi da inda zai kai ƙara, dangi sun guje shi, idan ya je gaban hukuma dariya za a fara yi masa. Sai su biya kowa jika talatin, shi su ba shi ashirin, ko su riƙe masa kuɗin wata biyu. Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi cewa mutum uku Allah da kansa ne abokin shari'arsu ranar ƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi lada. Wanda ba shi da mai tsaya masa a duniya, ku ji wanda zai tsaya masa a can.

Iyaka da nasiha

Wannan ba ya nufin babu iyaka. Mai gida yana da ikon kafa ƙa'idar sutura da ɗabi'a a wurin aikinsa, matuƙar ƙa'idar ta hau kan kowa. Yana iya cewa kowane ma'aikaci ya sa riga da wando da hular girki. Yana iya hana maganar batsa, da shiga sirrin mata, da kawo baƙin da ba su da alaƙa da aiki. Wanda ya karya, a hukunta shi a kan abin da ya yi, daidai da yadda za a hukunta kowa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne bincike: leƙa wayarsa, bin sawunsa bayan an tashi, tambayar inda yake kwana. An taɓa zuwa wa Ibnu Mas'ud da labarin wani da ake zargi da giya, ya amsa cewa an hana su leƙen asiri, abin da ya bayyana kaɗai suke kamawa da shi.

Nasiha kuma wajibi ce, amma tana da ladabi. A keɓe ake yin ta, wanda ake jin maganarsa ne ke yin ta, da ilimi, da fatan alheri. Dattijo, kai ne ka fi cancanta, domin ka ci gishirinsa ya ci naka. Ka kira shi ku biyu, ka fara da gode masa a kan amanarsa, ka faɗa masa abin da malamai suka ce game da zane da lalle, ka bar masa abin da ba ya iya sauyawa na murya da tafiya. Kada ka ɗaura abincinsa a kan amsar da zai ba ka a daren. Wanda aka yi wa wa'azi a gaban jama'a tozarta shi aka yi, zuciyar da aka tozarta kuwa rufewa take yi.

Muna kira ga iyaye da masu koyar da sana'a, teloli da makanikai da masu shaguna. Idan kuna da yaro mai irin wannan hali, duka da kora ba su taɓa gyara murya ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ku riƙe shi kusa, ku koya masa salla da sana'a, ku hana sauran yara mayar da shi abin wasa. Idan akwai alamar matsala a halittarsa, ku kai shi likita tun da wuri, ku kuma rufa masa asiri.

Amsa ga ɗanmu da ke Faransa

Kai kuma ɗanmu, ka sani ƙasashen da kuke zaune suna da dokokinsu. A Faransa, tun shekarar 2016 doka ta sauƙaƙa sauya jinsi a takardun hukuma ba tare da sharaɗin tiyata ba, dokar ƙwadago kuma ta hana nuna wa ma'aikaci bambanci a kan haka. A Amurka, kotun ƙoli ta yanke a shekarar 2020 cewa korar ma'aikaci saboda ya sauya jinsi saɓa wa dokar kare haƙƙin jama'a ce ta 1964. Ka shiga ƙasar da izini, ka sa hannu a yarjejeniyar aiki, aya ta farko a Suratul Ma'ida kuma ta umarce mu da cika alkawari.

Ba ka da buƙatar barin aikinka, matuƙar aikin kansa halal ne. Ba kai aka ɗora wa hisabin abokin aikinka ba. Ka gaishe shi, ka yi aiki da shi da gaskiya, ka taimake shi idan ya buƙata, kada ka shiga sahun masu yi masa dariya. Kiran mutum da sunan da ke kan takardarsa ba fatawa ba ce. Idan an tambaye ka abin da addininka ya ce, ka faɗa da natsuwa, ba tare da zagi ba, ba tare da ɓoyewa ba. Idan ba a tambaye ka ba, halinka ya ishe ka magana. Mai yiwuwa kai kaɗai ne musulmin da wannan mutum zai taɓa sani kurkusa, abin da ya gani a gare ka shi zai ɗauka a matsayin Musulunci. Ka tuna kuma kai ma kana son a bar ka ka yi sallarka, a girmama azuminka, kada a yi wa sunanka ba'a. Wannan amsar ta shafi ƴan'uwanmu da ke aiki da ƙungiyoyin ƙasashen waje a Yamai da sauran wurare.

Rufewa

Ƴan'uwa, laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani. Wasu Allah ya jarrabe su da abin da ido ke gani, wasu kuma da abin da ke ɓoye: riba, tauye mudu, cin dukiyar maraya, hassada. Da a ce kowane zunubi yana sauya tafiyar mai shi, da kaɗan ne cikinmu za su iya ratsa kasuwa. Muslim ya ruwaito labarin mutumin da ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai Allah ya gafarta wa wancan, ya ɓata aikin mai rantsuwar. Ba mu san wanda zai cika da kalmar shahada ba.

Dattijo, gobe idan ladan ya kira magariba, ka zauna a bakin tiren da kanka, ka kira ma'aikatanka duka bakwai, ka miƙa wa kowa dabino da hannunka. Idan yaranka suka ga ka ci, su ma za su ci.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya tsare harsunanmu daga mutuncin bayinsa, ya shiryar da mu ya shiryar da su, ya sauƙaƙa wa duk wanda ke fama da abin da bai iya faɗa wa kowa ba. Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.